Goman da Na Ba "Kwashe Shanya"

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Abdurrahim; mai girma shugabar makarantarmu, Hajiya Ummukulthum; uban Ƙungiyar 'Yan Jarida, Malam Sharhabil, wanda jan bironsa ya bar tabo a littafin kowannenmu; malamanmu maza da mata; iyayenmu da suka baro ofis da shago da kasuwa, daga Unguwar Rimi, daga Unguwar Shanu, da nan Kurmin Mashi; babban editan mujallarmu, Siniya Fahad, da mataimakinsa Khalid; 'yan uwana ɗalibai, na gaba masu saurare da na baya masu danna waya a ƙarƙashin benci: ina yi wa kowa barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya kawo mu ƙarshen zango lafiya. Ina godiya ga shugabar makaranta da ta ba ni wannan dama. Ina kuma godiya ga kafintan da ya yi wannan teburi da faɗi, domin na samu inda zan ɓuya a bayansa. Sunana Fadila Lawal, ina aji biyar. Da yawanku yau kuka fara jin muryata, har da waɗanda muka shekara huɗu a aji ɗaya. Don haka idan na yi tuntuɓe a magana, a yi mini afuwa, ban saba ba.

Ga abin da ya tsayar da ni a gabanku. Mujallarmu, Kakakin Ɗalibai, tana da shafi ɗaya can wajen ƙarshe, inda ake sharhin wasannin waya da na kwamfuta, waɗanda muke ce wa gem. Rabin shafin na sama na Siniya Fahad da Khalid ne, rabin na ƙasa nawa ne, shekara biyu ke nan. Mukan buga wasa, mu faɗi kyansa da muninsa, sannan mu ba shi maki bisa goma. Sai dai sashe na huɗu na dokokin ƙungiyarmu ya ce ba a ba kowane wasa goma bisa goma, komai kyansa. A watan jiya na ba wani wasa goma. Kwamiti ya riƙe sharhin, ya ba ni zaɓi biyu: ko in mai da shi tara, ko in sauka daga shafin. Na kasa ba su amsa da baki, sai na rubuta a takarda cewa ban iya ko ɗaya ba. Shi ne Hajiya ta ce a kawo maganar nan, in yi bayani, idan na gama 'yan ƙungiya su ɗaga hannu.

Wasan sunansa Kwashe Shanya. Ba daga ƙasar waje ya zo ba. Harira ce ta haɗa shi, 'yar aji shida daga Unguwar Shanu, ga ta can a layin ƙarshe tana ƙoƙarin shigewa cikin hijabinta. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana haɗa shi a tsohuwar kwamfutar kawunta, wadda sai an jingina ta da bango take tsayuwa. Babu bindiga a wasan, babu mota, babu dodo. Tsakar gida ce da igiya, an yi wanki an shanya, sai hadari ya taso daga gabas. Aikinka ka kwashe kayan kafin ruwa ya sauko. Iska na fizgar zane, akuya na jan hannun riga, idan ka yi kuskure ka haɗa da ɗankwalin maƙwabciya, ta leƙo ta katanga ta wanke ka tas. Idan kuwa ka tsaya ka kwashe mata nata shanyar saboda ba ta nan, ba a ƙara maka maki ko ɗaya, amma a mataki na gaba za ka tarar da kwanon ɗanwake a bakin ƙofa. Wannan shi ne wasan. An kawo hujjoji huɗu a kan goman da na ba shi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko ta Malam Sharhabil ce, kuma ita ce mafi nauyi. Malam ya ce kamala ta Allah ce shi kaɗai, ɗan Adam ba ya yin abin da ba shi da aibi. Malam, wallahi na yarda, babu musu a wannan. Sai dai ina neman a fahimtar da ni abu ɗaya. A makon jarrabawa Khalid ya ci ɗari bisa ɗari a lissafi, aka kira shi gaban asambuli aka tafa masa, ban ji wanda ya ce an taɓa tauhidi ba. A Islamiyya ƙanwata ta kawo hadda ba gyara, malama ta ba ta cikakken maki har da alewa, babu wanda ya kira taro. Ashe mun san cewa cikakken maki ba da'awar kamala ba ne, cewa ne kawai wannan ya cika abin da aka nema a wurinsa. Yaya aka yi lissafi ke iya kaiwa goma, hadda ke iya kaiwa goma, amma da an zo kan abin da ya faranta wa mutum rai sai a tuna cewa mu 'yan Adam ne ajizai?

Hujja ta biyu ta Khalid ce. Ya ce wasan na da kurakurai, har ya jero su a takarda. Bari in taya shi, domin na fi shi sanin su. A mataki na tara wasan yakan daskare, sai ka kashe waya ka kunna. Akuyar takan ratsa katanga ta wuce kamar aljana. Ƙarar ruwan saman kuwa, duk mai kunne zai gane ba ruwa ba ne, suyar awara ce Harira ta ɗauka a kicin ɗinsu, har akwai wurin da ake jin wata na cewa a rage wuta. Duk na rubuta waɗannan a sharhina, ban ɓoye ko ɗaya ba.

Amma ina roƙon iyayenmu su dubi yadda ma'aunin masu neman kuskure yake aiki. Na koma na duba duk mujallun da muka buga. A wasa sittin da biyu da aka yi wa sharhi a rabin shafi na sama, babu wanda ya samu ƙasa da bakwai, babu wanda ya wuce tara da ɗigo takwas. Ɗaya zuwa shida an ajiye su, ba a san ranar amfaninsu ba. Goma an kulle ta a kabad. Bakwai na nufin wasan banza ne, takwas na nufin ban gama shi ba, tara na nufin abokaina na buga shi. Na taɓa zama a taron kwamiti inda aka kwashe awa ɗaya da kwata ana jayayya ko wani wasan tseren mota ya cancanci tara da ɗigo shida ko tara da ɗigo bakwai. Aka ɗaga murya, aka buga teburi, mutum biyu suka yi kwana uku ba sa gaisawa. Da aka tambayi bambancin, sai aka ce inuwar tayar baya ce ba ta kwanta daidai ba. Jama'a, ma'aunin da ake ce masa na goma, amma ba ya sauka ƙasa da bakwai, ba ya hawa goma, wannan ai tsani ne mai matakala uku da aka yi wa fenti ya yi kama da dogo.

Hujja ta uku ta babban edita ce. Siniya Fahad ya tambaye ni: idan kika ba wannan goma yau, gobe aka yi wanda ya fi shi, me za ki ba shi? Tambayar nan ba baƙuwa ba ce a wurina, domin na taɓa jin ta, ba a makaranta ba, a gidanmu.

Na nemi izinin mahaifina kafin in ba da wannan labari. Ya ce in bayar, amma kada in ambaci sunansa. To, ba zan ambata ba, duk da yana rubuce a bayan nawa a takardar shirin taro. Wani bawan Allah ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati a garin nan. Kowace shekara akan cike fom na auna ƙwazon ma'aikaci, mai akwatuna daga na ƙasa zuwa na can sama. Bai taɓa makara ba, fayil bai taɓa kwana a teburinsa ba, amma kowace shekara a akwati na biyu ake sa masa alama. Wata shekara ya yi ƙarfin hali ya tambayi shugabansa dalili. Shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce, "In na ba ka na sama bana, baɗi me zan ba ka?" Aka yi ta ajiye masa na saman sai baɗi, sai baɗi, har baɗi ta ƙare. Ranar da ya yi ritaya aka shirya liyafa, manya suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba a taɓa yin ma'aikaci irinsa ba, ba kuma za a sake ba. Muna dawowa a Keke Napep, yana rungume da agogon bangon da aka ba shi, har muka kusa gida. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da sun rubuta a fom ɗin ko sau ɗaya."

Kada ku ce ina kai ƙarar ofis kawai. Shi wannan bawan Allah ɗin, shekara ashirin da biyu yana cin miyar taushen Mama, miyar da maƙwabta ke aiko kwano tun kafin a sauke, kuma mafi girman makin da ya taɓa ba ta shi ne "ba laifi". A gidanmu "ba laifi" ita ce tara da ɗigo takwas. Na san ba gidanmu kaɗai ba ne, don na ga iyaye mata a layi na biyu suna kallon gefe. Haka muka taso. Uwa ba ta yabon ɗanta na fari, kunya. Malami ba ya yabon ɗalibi, kada kansa ya kumbura. Maƙwabci ba ya yabon jariri sosai, kada a ce bakinsa ne. Muna da goma, amma mun san inda muke kashe ta: a zaman makoki. Ranar nan kowa goma bisa goma ne. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, ba a taɓa ganin irinsa ba. Muna riƙe makin mutum shekara sittin, mu miƙa masa ranar da ba zai iya karɓa ba. Sashe na huɗu na dokokinmu bai ƙirƙiro komai ba, al'adar gida ce aka buga da inji.

Amsata ga Siniya Fahad ita ce: idan gobe aka yi wanda ya fi shi, shi ma sai in ba shi goma. Goma ba kujerar shugaban ƙasa ba ce da sai mutum ɗaya. Ba ta ƙarewa don an bayar.

Hujja ta huɗu ba a faɗe ta a taron kwamiti ba, a baranda aka faɗe ta, amma iska ta kawo mini. An ce Fadila da zuciya take ba da maki, ba da ƙwaƙwalwa ba, saboda littattafan soyayya sun cika mata kai. To, tunda an riga an kama ni sau biyu da irin littafin nan a cikin littafin kimiyya, musu ba zai yi mini amfani ba. Ina karantawa. Kuma daga nan ne na san bambancin abin da ba shi da aibi da abin da ya isa goma. A littattafan nan saurayin kullum ba shi da aibi: dogo ne, sajensa ya kwanta luf, yana da kamfani uku yana ɗan shekara ashirin da bakwai, turarensa na isowa kafin motarsa, ba ya gumi ko a watan Afrilu. Na karanta irinsa sun fi arba'in, kuma yau in kun tsare ni ba zan iya bambanta muku ɗaya da ɗaya ba.

Amma a Kwashe Shanya, daga mataki na huɗu, akwai wata shuɗiyar riga ta namiji da iska ke ɗaukowa daga gidan maƙwabta ta jefo tsakar gidanku. Gwiwar hannunta da faci. Kina mayarwa ta katanga, gobe ta sake faɗowa. Ba a nuna fuskar mai rigar, ba ya cewa uffan. Wata rana sai ki ga an mayar miki da ɗankwalinki da ya ɓata, a ninke, an goge. Ana nan, ana nan, sai a wani mataki ki buɗe wasan ki tarar da shuɗiyar rigar a kan igiyarku, kusa da zanenki, ba iska ce ta kawo ta ba. Daga baya ƙananan kaya su bayyana a igiyar, sannan kayan makaranta, sannan su yi ta girma suna raguwa. A mataki na ƙarshe igiyar ta yi tsawo, kayan sun yi kaɗan, hannun mai kwashewa ya rage sauri, kuma shuɗiyar rigar ba ta nan. Hadari ya taso kamar kullum. Babu rubutu, babu kiɗa, sai suyar awarar nan. Na ajiye wayar na shiga bayan ƙofa, na daɗe ban fito ba. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ba da labarin aure tun daga farkonsa har ƙarshensa da igiyar shanya, ba ta rubuta kalma ɗaya ba. Idan wannan tara ne, ina roƙon kwamiti ya nuna mini inda ɗayan ya faɗi, in je in ɗauko.

Shi babban edita bakwai da rabi ya ba wasan. Ya rubuta cewa wasan 'yan mata ne, ba zai riƙe namiji minti biyar ba. Ina girmama ra'ayinsa. Sai dai wasan na da allon da ke nuna waɗanda suka fi kowa maki da yawan bugawar da suka yi. Na ɗaya a allon, wanda ya buga sau ɗari biyu da goma sha huɗu, wanda ko ɗankwali bai taɓa bari ya jiƙe ba, wani ne mai kiran kansa Damisan Kurmin Mashi. Ban san ko wane ne ba. Ban ce kowa ba ne. Na dai lura an rubuta wannan suna da farin fenti a bayan wata jaka, kuma jakar tana jingine da ƙafar teburin manyan baƙi a yanzu haka. Wataƙila aro aka yi.

Shaidata ta ƙarshe daga gida take. Ranar Asabar da ta wuce Mama ta tafi suna Unguwar Rimi da hantsi, ta bar wanki a igiya, ta bar wa bawan Allahn nan da ba zan ambata ba amanar shanya. Ni kuma na ba shi wayata ya ga abin da ake shirin korata a kansa, na tafi Islamiyya. Ya sa tabarau ya zauna a falo. Hadari ya haɗo, na gaske. Ruwa ya sauko, na gaske. Da Mama ta dawo ta tarar da zannuwanta da kayan makarantarmu suna ɗiga a igiya, shi kuwa yana mataki na bakwai, bai bar ko safa ɗaya ta jiƙe a cikin waya ba. Abin da Mama ta faɗa ba na taro ba ne. Da ƙura ta lafa na matsa kusa na tambaye shi yadda ya ga wasan. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "Ba laifi."

Mai girma shugaba, ban ce a riƙa rabon goma kamar ruwan leda a wurin biki ba. Mun san masu sharhi a intanet da kowane wasa goma ne a wurinsu muddin an aiko musu da riga da hula. Wannan ba yabo ba ne, talla ce. Ni sharhi talatin da ɗaya na rubuta a shafin nan, na ba da uku, na ba da biyar, na taɓa ba da ɗaya har aka daina yi mini magana a aji, ko da yake ban lura da bambanci sosai ba. Goma sau ɗaya na bayar. Ma'anarta a wurina ba wai babu aibi ba. Ma'anarta: na ga aibin, na ƙirga shi, kuma duk da haka ina ce maka ka ajiye abin da kake yi ka je ka buga, ga sunana a ƙasa, in ƙarya na yi ka kama ni.

Ranar da bakwai da rabi ta fito, Harira ta ce mini ta gode Allah, ai ta ma yi ƙoƙari, dama tana tunanin mayar wa kawunta kwamfutarsa. Ba ta yi fushi ba. Ta karɓi "ba laifi" ɗinta kamar yadda muka ga iyayenmu na karɓa. Wannan ne ya sa na kasa taɓa makin nan.

'Yan uwana 'yan ƙungiya, yanzu za ku ɗaga hannu. Ba zan ɓoye muku ba, ina son shafin nan. Ni ba na iya magana a aji, ba na iya magana a baranda, ko a gida sai an ce in ɗaga murya. Rabin shafin nan shi ne kaɗai wurin da nake faɗin abu har ƙarshensa ba tare da muryata ta maƙale ba. Idan kuka karɓe shi zan ji ciwo, kuma ban san inda zan kai maganata ba. Amma in zauna a kansa da sharaɗin in rubuta tara alhali goma na gani, wannan ya zama shafin wani ne da sunana a kai. Ga takardar sharhin nan na ajiye a kan teburi, ga biro kusa da ita. Duk wanda ya ga tara ce, ya taso a gaban iyayenmu, a gaban Harira, ya soke da hannunsa, ya sa sunansa a ƙasa. Hannuna dai ba zai yi ba.

Harira, ban taɓa iya faɗa miki a fuska ba, saboda ni ma 'yar gidan "ba laifi" ce. Yau ga shi a lasifika: abin da kika yi goma ne. Kada ki mayar da kwamfutar.

Na hango Malam Sharhabil yana rubuta wani abu da jan biro tun da na fara. Malam, na san makin jawabin nan ne, na kuma san bai kai ba. Na yafe ɗigon.

Allah ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, a babban abu da ƙarami. Allah ya sa albarka a hannun duk mai ƙirƙira, ko da a tsohuwar kwamfuta ce. Allah ya sa kowane ɗayanmu ya ji gomansa da kunnensa tun yana da rai, ya kuma ba mu ƙarfin halin faɗa wa wani tasa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Da zan shigo na ga gabas ta fara haɗewa, don haka wanda ya baro shanya a gida, ya tabbatar ba Baba ya bar wa amana ba.

Na gode.